Sabon Labari Ya Zo, Ina Muka Baro Na Jiya?

Duk wanda ya saba zama a majalisun shayi na zangunanmu, waɗanda samari ke kira bes, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Ankara har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san yadda hira take tafiya. Kafin a sauke atayan farko wani ya kawo labarin da ya ji a rediyo da asuba, nan da nan majalisa ta ɗauka, mai rantsuwa yana yi, mai Allah ya isa yana yi, har ka ce yau ba za a kwana ba sai an ga bayan maganar. Kashegari kuwa wani labarin ya sauka, sai a juya kansa da irin wannan zafi, na jiya kuma ko sunansa ba a ambata. Ba a sasanta shi ba, ba a biya wanda aka zalunta ba, ba a gyara abin da ya lalace ba, an dai daina maganarsa ne kawai.

Wani dattijo a masallacin unguwarmu yakan ce sabon labari amarya ne, tsohon labari kuwa uwargida. Yakan ƙara da cewa ai shari'a ba ta hana amarya kwanakinta ba, ta ba budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, amma da sun cika sai a koma rabon kwana, kuma maigidan da ya tare a ɗakin amarya ya manta da uwargida da 'ya'yanta ya ɗauki alhaki. To, abin da za mu duba a wannan wata shi ne yadda mu mutanen zango muke tarewa a ɗakin kowane sabon labari, da irin hasarar da hakan ya jawo mana.

Daren 3 ga Yuni

Ranar Laraba 3 ga Yuni, 2015, an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a Ankara. Kogin Odo, wanda babbar kwatar Nima take zuba a cikinsa kafin ya gangara tafkin Kole ya faɗa teku, ya cika ya tumbatsa, domin yashi da shara da ledoji sun riga sun cinye rabin hanyarsa. Ruwa ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Sakil. Mutane masu komawa gida daga aiki da kasuwa suka fake a wani gidan mai da ke kusa, mai ya malalo a kan ruwa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu a wannan dare. Shugaban ƙasa John Mahama ya ba da kwana uku na zaman makoki.

Wanda duk yake Ankara a makon nan ya san ba a yi wata magana ba sai ta kwata. An yi ta a huɗuba, an yi ta a rediyo, an yi ta a cikin trotro. An ce za a yashe Odo, za a rushe gine-ginen da suka tare hanyar ruwa, za a hana ledoji marasa kauri. Ranar 20 ga watan aka shiga Tsohuwar Fadama da motocin rusau, dubban mutane, yawancinsu 'yan'uwanmu daga arewacin ƙasar nan, suka wayi gari ba su da wurin kwana. A unguwanni da yawa samari sun fito da shebur da baro suna kwashe shara, an kuma kafa kwamitocin tsabta.

To, me ya biyo baya? Dama ana cikin matsalar ɗauke wutar lantarki da aka laƙaba wa suna dumso. A watan Satumba ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fito da fim ɗinsa na binciken cin hanci a kotuna, wanda ya shafi alƙalai fiye da 30, ƙasa duka ta juya can. A cikin makon ne kuma, ranar 24 ga Satumba, aka yi turmutsitsin Mina wurin jifan Shaiɗan, inda alhazai masu yawa suka rasu, ciki har da namu na Gana, zango ya shiga wani sabon makoki. Daga nan sai guguwar zaɓen Disamba 2016 ta taso. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba shi da muhimmanci, kuma babu wanda za a zarga don ya damu da su. Amma kowannensu ya zo ya zauna a kujerar da maganar kwata take kai, ita kuwa ta koma bayan ƙofa.

Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Kwata kullum tana nan a ƙofar gida, muna tsallake ta mu tafi masallaci, muna sayen koko da ƙosai a bakinta, saboda haka ba ta zama labari sai ranar da ta ci mutum. Maganar hana leda ta shiririce. Waɗansu daga cikin waɗanda suka ƙone suka rayu sun kai ƙara kotu da taimakon ƙungiyar OneGhana Movement, har aka cika shekara 10 da gobarar a 2025 suna jiran diyya. Ruwa kuwa bai fasa shiga gidaje a Alajo da Adabraka da Kaneshi ba duk lokacin da damina ta yi ƙarfi.

Kada a ɗauka abin ya tsaya a hira kawai, domin inda hankali ya tafi can kuɗi yake binsa. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin kare yankin Ankara daga ambaliya, wanda ake kira GARID, kuma kwarin Odo da unguwar Nima suna cikin wuraren da aka tsara za su amfana. Da cutar korona ta ɓarke a 2020, sai aka karkatar da dala miliyan 65 daga cikin kuɗin zuwa yaƙi da cutar, bisa wani sharaɗi na gaggawa da ke cikin yarjejeniyar. Sai a 2023 bankin ya ƙara dala miliyan 150. Ba wanda zai ce korona wasa ce. Amma ga misali a fili na yadda sabuwar masifa take cin abincin tsohuwa, alhali kuwa tsohuwar ba ta warke ba.

Abin da masana suka gano

Wannan hali ba mu kaɗai ke da shi ba. Tun a 1972 wani masani ɗan Amurka mai suna Anthony Downs ya rubuta cewa kowace matsala ta jama'a takan bi matakai biyar. Da farko tana nan tana cin mutane amma ba wanda ya kula sai waɗanda take ci. Sa'an nan wani abin firgita ya faru, kowa ya zabura ya ce lalle a magance ta yanzu yanzu. Mataki na uku shi ne ranar da aka gane tsadar maganin, watau za a kashe kuɗi mai yawa, za a rushe gidan wani, za a hana wani sana'arsa. Daga nan sai zafi ya fara hucewa, wasu su gaji, wasu su karaya, musamman idan wani sabon abu ya ɓullo. A ƙarshe matsalar ta koma gefe, ana tuna ta jefi-jefi. Duk wanda ya karanta wannan ya waiwayi maganar kwatar Ankara zai ga kamar don ita aka rubuta.

Har ila yau, a 2007 waɗansu masana tattalin arziki biyu, Thomas Eisensee da David Strömberg, sun bi diddigin bala'o'i kimanin 5,000 da suka auku a duniya tsakanin 1968 da 2002. Suka gano cewa idan ambaliya ko girgizar ƙasa ta faɗo daidai lokacin da gidajen talabijin na Amurka suka shagala da wani babban abu, kamar wasannin Olimfik, ba ta cika samun shiga labarai ba, kuma damar samun agaji daga gwamnatin Amurka takan ragu. Watau mutum yakan rasa taimako don kawai masifarsa ta zo ranar da duniya take kallon wani wuri.

Dalilin a bayyane yake. Shafin farko na jarida ɗaya ne, shirin safe na rediyo sa'o'insa ƙididdigaggu ne, huɗubar Juma'a ba ta wuce 'yan mintoci, zuciyar ɗan Adam ma tana da iyakar abin da take iya ɗauka ga neman abinci da kuɗin haya da kuɗin makaranta. Duk abin da ya shigo sai ya ture wani. Zuwan wayar hannu kuwa ya ƙara wa abin sauri, domin a da labari yakan yi mako yana yawo a gari, yanzu kafin la'asar an yi uku.

Ga al'umma irin tamu kuwa abin ya fi ciwo. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, maganarmu ba ta cika hawa shafin farko ba sai an zubar da jini ko an ƙona taya. Idan ta hau, kwanakinta kaɗan ne. In har mu da kanmu muka sake ta ranar da manyan jaridu suka sake ta, to ba ta da sauran mai riƙe ta.

Samari bakwai na Asawase

Ranar 17 ga Yuli, 2018, 'yan sanda suka harbe samari bakwai a yankin Manso Nkwanta na jihar Ashanti, suka ce 'yan fashi ne. Mutanen Asawase suka ce atafau sun san 'ya'yansu. Zangunan Kumasi suka yi zafi, samari suka tare hanyoyi, sarakunan zango da limamai suka yi ta kai da kawo suna ba da haƙuri. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kuma a watan Nuwamba aka bayyana cewa kwamitin bai sami wata shaida da ta nuna mamatan 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21 daga aiki, aka ba kowane gida daga cikin bakwai ɗin diyyar sidi 250,000.

Wannan nasara ce, kuma an same ta ne domin jama'a sun tsaya a kan magana ɗaya wata huɗu ba su sake ba. Amma saura ɗaya rabin, watau hukunta wanda ya yi laifi da gyara yadda ake aiki don kada a sake. Wannan rabin shi ne mai tsada, shi ne mai buƙatar shekaru ana bibiya. Kafin a kai gare shi, kamfanin Menzgold ya durƙushe da kuɗin dubban mutane, ranar 16 ga Janairu, 2019 aka harbe ɗan jarida Ahmed Hussein-Suale a Madina, bayan mako biyu kuma aka yi tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon. Yau ka tsayar da mutum goma a Aboabo ka tambaye su inda maganar samarin nan ta kwana, ka ga mutum nawa za su ba ka amsa.

Ba a cika shekara uku ba sai ga Ejura. A ƙarshen Yuni 2021 aka kai wa Ibrahim Muhammad, wanda aka fi sani da Kaaka, hari har ya rasu. Ranar 29 ga watan, bayan jana'izarsa, samari suka fito zanga-zanga, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka rasu, wasu suka ji rauni. Aka sake kafa kwamiti, a ƙarƙashin Mai Shari'a George Kingsley Koomson, aka yi zama ana nunawa a talabijin, aka miƙa rahoto. Sa'an nan rigimar harajin kuɗin waya ta taso a majalisa, fashewar Apiate ta auku a Janairu 2022, sidi ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamba 2022, kowa ya koma ta cikinsa. Da an riƙe darasin Asawase da kyau, da wataƙila tambayar da za a fara yi a Ejura ita ce, ina shawarwarin kwamitin 2018, wanne aka aikata, wanne aka bari?

Me ya sa ba a manta da 9 ga Mayu ba?

Akwai kuwa wata masifa da ta girmi waɗannan duka amma har yanzu ana tuna ta. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Ankara, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko biyu da ɗaya, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Mutum 126 suka rasu bisa ƙididdigar hukuma, kuma da yawa daga cikinsu 'ya'yan Nima ne da sauran zanguna. An kafa hukumar bincike a ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto, an gurfanar da manyan 'yan sanda shida, kotu ta sallame su a 2003.

Labarai nawa suka zo suka wuce tun daga 2001? Amma duk shekara idan 9 ga Mayu ta zagayo ana ambaton ta. Dalili shi ne maganar ta sami mai ita. Herbert Mensah, wanda yake shugaban Kotoko a lokacin, ya ɗauke ta a kansa, ya riƙa shirya taron tunawa da tattaki da ziyarar iyalan mamata shekara bayan shekara. Ta sami rana tsayayya a kalanda, ta kuma sami alama, watau mutum-mutumin da aka kafa a harabar filin. Idan magana tana da mai ita, tana da ranarta, to sabon labari yana iya rufe ta na ɗan lokaci amma ba ya binne ta.

Sai dai a lura, tunawa daban, bibiya daban. Addu'a ga mamata wajibi ce a kanmu, amma ba ta yashe kwata. Abin da muke buƙata shi ne a haɗa biyun, ranar da aka taru don tunawa ita ce ranar da za a fito da takarda a karanta: ga abin da aka yi alkawari, ga wanda ya yi alkawarin, ga abin da aka cika, ga abin da ya saura.

A koma rabon kwana

Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Dubi uwar adashi a kasuwar Nima ko mai karɓar susu da yake zagayawa da katinsa. Ko wane irin labari ne ya girgiza gari, ba ya sa ta manta wa ya zuba, wa bai zuba ba, wa ke da kwasa a wata mai zuwa, domin abin a rubuce yake kuma akwai mai riƙe da littafin. Kuɗinmu muna tsare su da rubutu, amma haƙƙoƙin unguwa mun bar su a hannun hira.

Saboda haka ga shawara ga fadar kowane sarkin zango, da kwamitin kowane masallacin Juma'a, da ƙungiyoyin samari da na mata. A sami littafi ɗaya na maganganun da ba su ƙare ba. Duk lokacin da wani babban jami'i ya zo ta'aziyya ko jaje ya yi alkawari, a rubuta ranar da sunansa da abin da ya faɗa. Kowace magana a ɗora ta a wuyan mutum ɗaya ko biyu da aka sani da suna, domin abin da aka ce na kowa ne ba na kowa ba ne. A tsayar da lokaci, ko da sau ɗaya ne a wata uku, da za a buɗe littafin a gaban jama'a.

Doka ma ta ba mu hanya. Tun 2019 akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani, Doka ta 989, wadda ta ba kowane mutum damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, kuma ta ba jami'in kwana 14 ya ba da amsa. Akwai ɗan majalisar unguwa da muka zaɓa, akwai majalisar ƙaramar hukuma, kamar Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, da Ayawaso ta Arewa ga mutanen Mamobi, da Asokore Mampong ga mutanen Asawase da Aboabo. Wasiƙa ɗaya mai kwanan wata da hatimin karɓa ta fi zagi ɗari a bes, domin ita tana nan a fayil bayan kowa ya huce. 'Yan'uwanmu masu aiki a gidajen rediyon da ke magana da Hausa, irin su Marhaba a Ankara da Zuria a Kumasi, su ma muna roƙonsu su ware ko da minti goma a mako su tambaya, ina aka kwana a maganar kaza?

Na san wani zai ce ai wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma tone-tone ba ya kawo zaman lafiya. Gaskiya ne akwai abin da ya kamata a yafe a bar wa Allah, kamar saɓani tsakanin maƙwabta ko ɓatanci da ya wuce. Amma kwatar da ta toshe ba bara ba ce, bana ce, kuma baɗi ce. Gwauruwar da aka yi wa alkawarin karatun 'ya'yanta ba ta wuce ba, tana nan a bayan gidanka. Tuna irin waɗannan ba neman fitina ba ne, shi ne ma yake hana fitina, domin samari ba sa ƙona taya sai sun ga an rufe duk wata ƙofa ta magana.

Ni kaina mai wannan rubutu ban tsira ba. Bayan ruwan 2015 ina cikin waɗanda suka zauna a zauren unguwarmu muka ce duk Asabar ta farkon wata za mu fito yashe kwata. Mun fito sau uku. Na huɗu ya faɗo a makon dawowar alhazai, muka ce sai wata mai zuwa, kuma watan nan har yau bai zo ba. Shebur ɗin da muka saya da kuɗin karo-karo suna nan jingine a bayan ɗakin ajiyar masallaci, sun yi tsatsa.

Sabon labari zai zo gobe, babu makawa, kuma yana da haƙƙin a saurare shi, a yi masa kuka in na kuka ne, a tashi tsaye in na tashi ne. A ba shi kwanakinsa bakwai. Amma da sun cika sai a tuna akwai uwargida a ɗaya ɗakin, da 'ya'yanta, tana jiran kwananta. Damina kuwa ba ta sauraren rediyo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin hadarin watan Mayu ya haɗu, bari kowace unguwa ta buɗe littafinta ta ga abin da ake bin ta da abin da take bi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a waɗannan masifu, ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.